Labarin Leonard Tilley, Mai Kantin Magani Wanda Ya Zama Magatakardan Lardi

Akwai tambaya biyu da sababbin masu bi su kan kawo wa malamansu, musamman waɗanda Allah ya ba su karatu da hannun rubutu har aka fara kiransu zuwa aikin hukuma. Ta fari ita ce, ko mutum ya iya zama a majalisar masu mulki, mabuɗin baitulmali yana hannunsa, ya kuma tsare tafarkin Ubangiji? Ta biyu kuwa, in ya sami iko, ko ya kamata ya tilasta wa jama'a su bar zunubin da shi ya bari? Maimakon mu yi maka dogon bayani, ya kai mai karatu, bari mu ba ka labarin wani mutum wanda ya ɗanɗani tambayoyin nan biyu da harshensa, ya ji zaƙinsu da ɗacinsu. Sunansa Samuel Leonard Tilley, amma mutanen garinsu da Leonard suka san shi.

Ƙasarsu ita ce New Brunswick, wani lardi a gabashin Kanada, a bakin babbar teku, yana iyaka da ƙasar Amurka. A zamanin da mu ke magana lardin yana ƙarƙashin sarautar Ingila, yana da Gwamna wanda a ke aikowa daga can, da majalisa wadda mutanen ƙasa su ke zaɓa. Ƙasa ce ta kurmi da sanyi mai tsanani. Da hunturu koguna su kan daskare su zama ƙanƙara, har dawakai su ja kaya a bisansu. A lokacin nan maza su kan shiga kurmi su yi watanni suna saran itatuwa. In ƙanƙara ta narke sai su turo gumagumai cikin kogi, ruwa ya kawo su bakin teku, a yi jirage da su ko a kai su Ingila. Jiragen da su ke zuwa tsibiran kudu kuwa su kan komo da wata barasa mai ƙarfi wadda a ke yi da ruwan rake. Tana da araha ƙwarai, ba wani taro ko ciniki ko aikin gayya da za a yi ba tare da ita ba. Mutum ya kan yi hunturu duka yana wahala a kurmi, ya karɓi ladansa, ya shanye shi kafin ya kai gida wurin matarsa da 'ya'yansa.

An haifi Tilley ran 8 ga watan Mayu, 1818, a wani ƙaramin gari mai suna Gagetown, a bakin kogin Saint John. Kakanninsa suna cikin mutanen da suka bar Amurka a 1783, bayan yaƙin da Amurka ta yi ta rabu da Ingila, gama sun zaɓi su bar gonakinsu da gidajensu da su karya alkawarinsu ga Sarki. Ubansa, Thomas Tilley, ɗan kasuwa ne mai ƙaramin kanti. Yaron ya yi karatu a makarantar ekklesiya ta garinsu, irin wadda manyan yara su ke koya wa ƙanana, daga baya ya shiga ta gaba da ita. Bai yi nisa da karatu kamar 'ya'yan manya ba. Yana da shekara 13 aka kai shi birnin Saint John, aka sa shi hannun wani mai kantin magani domin ya koyi sana'a. Shekara bakwai ya yi yana daka magani, yana awo, yana rubuta lissafi. A 1838 shi da wani ɗan'uwansa, Thomas Peters, suka buɗe kantinsu. Kada ka raina wannan makaranta ta bayan kanta. Mai sayar da magani, in ya yi kuskure kaɗan a ma'auni, rai ya ke tafiya. A nan Tilley ya koyi natsuwa da ƙididdiga, abin da ya riƙe shi sa'ad da lissafin ƙasa duka ya komo hannunsa.

Tun yana jariri aka yi masa baftisma a ekklesiyar Angalika, ya tashi yana zuwa sujada kamar sauran yara. Amma zuwa sujada dabam, ba da zuciya dabam. A 1839 ya ji wa'azin wani mai bishara, William Harrison, maganar ta soke shi, ya gane shi mai zunubi ne mai bukatar Mai Ceto, ya ba da kansa ga Yesu Kristi. Daga nan ya fara koyar da yara a makarantar Lahadi, daga baya aka sa shi cikin masu kula da sha'anin majami'arsu. A 1843 ya auri Julia Ann Hanford.

Wata rana yana cikin unguwa sai ga wata yarinya ta sheƙo a guje tana neman taimako. Ya bi ta zuwa gidansu. Ya tarar da uwarta kwance cikin jini, ta rasu, ƙananan 'ya'yanta suna kuka kewaye da ita. Wanda ya kashe ta kuwa mijinta ne, uban yaran, barasa ta ɗauke masa hankali. Abin da ya gani ran nan bai fita daga idonsa ba har tsufansa. A 1844 ya shiga jam'iyyar masu alkawarin ƙin shan kowace irin barasa. Da wata babbar jam'iyya ta irin wannan ta iso lardin daga Amurka a 1847, ya shiga, ya yi ta yawo gari gari yana magana, har a 1854 aka naɗa shi shugabanta na Amurka da ƙasashen Ingila na wannan yanki gaba ɗaya.

Ba barasa kaɗai ta kai shi siyasa ba. A kwanakin nan waɗansu manyan gidaje kaɗan ne su ke riƙe da mukaman lardi, suna kewaye da Gwamna, majalisar da jama'a suka zaɓa ba ta da ikon sauke su. Tilley yana cikin samarin da su ke so a gyara wannan, a sa masu mulki su riƙa ba da lissafi ga wakilan jama'a. A 1850 mutanen Saint John suka zaɓe shi. Shekara guda ke nan sai biyu daga cikin abokansa, Robert Wilmot da John Gray, waɗanda aka zaɓe su tare domin su yi hamayya da gwamnatin, suka karɓi mukami a cikinta. Da masu zaɓe suka goyi bayan abin da Wilmot ya yi, Tilley ya ga ba shi da sauran ƙafar tsayawa a madadinsu. Ya ajiye kujerarsa a 1851, ya koma kantinsa. Ka riƙe sunayen mutanen nan biyu, za mu sake gamuwa da su.

A 1854 aka sake zaɓensa. Tsohuwar gwamnati ta faɗi, wani lauya mai suna Charles Fisher ya kafa sabuwa, ya ba Tilley mukamin Magatakardan Lardi. Wannan ba ƙaramin mukami ba ne. Takardun hukuma ta hannunsa su ke bi, shi ne kuma mai shirya lissafin kuɗin shiga da na fita ya kawo gaban majalisa. Yana da shekara 36. Gwamnatin nan ta yi aikin kirki da sauri. A 1855 ta kafa dokar da ta sa a riƙa jefa ƙuri'a a ɓoye, domin kada talaka ya ji tsoron maigidansa ko mai binsa bashi.

To, ga mutum mai ƙin barasa da zuciya ɗaya, ga kuma iko ya zo hannunsa. Me za ya yi?

Maƙwabtansu na Maine, a Amurka, sun riga sun hana barasa da doka a 1851. A New Brunswick ma an gwada wata doka a 1852, ba ta yi ƙarfi ba, aka soke ta. Tilley ya ga laifin waccan rashin haƙora ne. Sai a 1855 ya kawo tasa gaban majalisa, ba da sunan gwamnati ba, da sunansa shi kaɗai, gama abokan aikinsa ba bakinsu ɗaya ba a kan zancen. Dokar ta hana shigo da barasa, ta hana yinta, ta hana sayar da ita. Ya sani sarai kuɗin fito na barasa babban rabo ne cikin abin da baitulmali ke samu, shi ne kuwa mai lissafin. Duk da haka bai ja da baya ba. Da ƙyar dokar ta wuce, da ratar ƙuri'a kaɗan. Ta fara aiki ran 1 ga watan Janairu, 1856.

Masu bi da yawa suka yi murna, suna tsammani an gama da mugun abu. Kafin wata biyu murna ta koma ciki. Masu sayarwa ba su rufe ƙofa ba. 'Yan sanda kaɗan ne a lardin, alƙalai da yawa su kansu masu sha ne, ba su da niyyar hukunta kowa. In an kama mutum, shaidu su ɓace, ko lauyoyi su sami ƙofar da za su fid da shi. Wanda ya kai ƙara ya zama abin ƙi a unguwarsu. Tarzoma ta tashi a tituna. Aka yi mutum-mutumi da kamannin Tilley aka cinna masa wuta, aka far wa gidansa, aka yi barazanar kashe shi. Abin da ya fi masa ciwo, ba mashaya kaɗai ne suka tsaya gāba da shi ba. Bishop ɗin ekklesiyarsa, John Medley, mutum mai tsoron Allah, bai yarda da dokar ba. Waɗansu masu hankali suka ce dokar da ba a iya tsare ta tana koya wa mutane raina dukan dokoki, tana kuma mai da maƙwabci ɗan leƙen asirin maƙwabcinsa.

Gwamna, Manners-Sutton, ba ya ƙaunar dokar tun farko. Da ya ga hargitsi, sai ya rushe majalisa ba da yardar mashawartansa ba. Fisher da Tilley da sauransu suka ajiye aiki. Aka yi sabon zaɓe, jama'a suka juya wa dokar baya ƙwarai, Tilley ya rasa kujerarsa. Cikin shekaran nan ta 1856 aka soke dokar. Ba ta cika ko wata takwas ba. Waɗanda suka karɓi mulki kuwa su wa? Gray da Wilmot.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan. Ba mu ce Tilley ya yi kuskure da ya ƙi barasa ba. Matar nan da ya gani kwance cikin jini shaida ce wadda ba a musunta ta. Ba mu kuma ce hukuma ba ta da hakkin tsare raunana da doka ba. Amma ya yi tsammani abin da wa'azi da addu'a da haƙurin shekaru suka yi a zuciyarsa, takarda mai hatimi za ta yi shi a zukatan mutane kusan 200,000 cikin dare ɗaya. Shi kansa ba ɗan sanda ne ya raba shi da kwalba ba. Ya manta da wannan na ɗan lokaci, kamar yadda sabon mai bi ya kan manta, ya koma gida da zafi yana so ya fasa tukwanen giyar 'yan'uwansa tun bai zauna ya gaya musu abin da Ubangiji ya yi masa ba. Shinge yana tsare gona, gaskiya ne, amma ba a taɓa ganin shinge ya tsiro da dawa ba.

Abin da ya sa mu ke ba da labarinsa shi ne abin da ya yi bayan faɗuwa. Hanya biyu suna buɗe a gabansa, mutane da yawa sun bi su. Ya iya yin fushi, ya ce ƙasa ta lalace, ya rufe kansa a ɗaki yana zagin masu zaɓe. Ya iya kuma cewa tun da jama'a ba su so, bari ya bi iska, ya ɗaga ƙoƙo tare da su domin ya komo kan kujera. Bai bi ko ɗaya ba. Alkawarinsa na kansa ya riƙe shi har kabari, bai fasa zuwa taron masu ƙin barasa ba, bai fasa yi wa samari gargaɗi ba. Amma bai sake ɗora wa lardin irin dokan nan ba. Daga baya, in 'yan'uwansa masu himma suka matsa a hana barasa a ƙasa duka, ya kan tuna musu da 1856, ya gargaɗe su kada doka ta riga zukatan jama'a yin nisa. A 1878 majalisar Kanada ta kafa wata doka mai sauƙi, wadda ta bar wa kowane gari ko gunduma su jefa ƙuri'a su zaɓa wa kansu. Garin da ya fara karɓarta shi ne Fredericton, babban birnin lardinsa.

Gwamnatin Gray da Wilmot ba ta daɗe ba. A 1857 aka sake zaɓe, Tilley ya komo kan mukaminsa na Magatakarda. Abokan hamayya suka laƙaba wa jam'iyyarsa suna na ba'a, wai masu farfasa. Su kuwa suka karɓi sunan ba su damu ba. Ya duƙufa a kan lissafi da hanyar jirgin ƙasa, har aka gama wadda ta haɗa Saint John da Shediac a 1860. A 1861 wata magana ta fito a kan yadda waɗansu manya su ke sayen filayen hukuma ta bayan gida, sunan Fisher ya shiga ciki, ya sauka. Tilley ya zama shugaban gwamnatin lardi, yana riƙe da mukaminsa na dā.

Shekara guda bayan wannan ɗaukaka, a 1862, matarsa Julia ta rasu, ta bar shi da 'ya'ya, waɗansu ƙanana ƙwarai. Baƙin ciki ya danne shi matuƙa. Da safe yana majalisa, da dare yana gida inda babu uwa. Shekara biyar ya yi haka kafin ya sake aure.

Cikin waɗannan shekaru babbar magana ta taso, wato a haɗa lardunan Ingila na wannan yanki su zama ƙasa ɗaya. A 1864 aka yi taro biyu, a Charlottetown da Quebec. Tilley ya tafi, cikin wakilan da suka tafi tare da shi kuwa har da John Gray, mutumin da ya bar shi a 1851, ya kuma gaji mulkinsa a 1856. Tilley ya gamsu haɗuwa ita ce alheri ga mutanensa. Mutanensa ba su gamsu ba. Suna tsoro manyan larduna za su haɗiye su, haraji ya ƙaru. A zaɓen 1865 suka kā da gwamnatinsa, shi ma ya sake rasa kujerarsa. Karo na biyu ke nan. Wannan karon ya san abin yi. Bai zagi kowa ba, ya shiga gari gari, ƙauye ƙauye, yana tara mutane yana yi musu lissafi dalla dalla, kamar yadda ya kan yi wa mai ciwo bayanin magani a kanti. Waɗansu abubuwa kuma suka taimake shi: sabuwar gwamnati ta rabu a kanta, Wilmot ya bar ta ya komo wajen masu son haɗuwa, Ingila tana matsawa, ga kuma waɗansu 'yan tawaye masu makamai da suka taru a kan iyakar Amurka a 1866 suka tsorata jama'a. A zaɓen 1866 Tilley ya yi nasara.

Ba za mu ɓoye maka wani abu ba, gama Littafi Mai Tsarki bai ɓoye laifin Dawuda ko na Bitrus ba. A wannan zaɓe Tilley ya nemi kuɗi masu yawa daga abokansa na lardin Kanada, aka kuwa aiko. Zaɓen zamanin nan ba mai tsabta ba ne, kowane gefe yana kashe kuɗi domin jawo masu ƙuri'a. Cewa kowa yana yi ba ya wanke mai bi. Mutumin da ya ƙi ɗigon barasa ya shiga bakinsa bai yi irin wannan tsanani a kan wannan ƙofa ba, ya kamata kuwa ya yi.

A ƙarshen 1866 ya tafi Landan tare da sauran wakilai, Wilmot yana cikinsu, domin a rubuta dokar sabuwar ƙasa. Aka yi ta shawara a kan irin sunan da za a kira ta da shi. Waɗansu suna so a ce masarauta, hukumar Ingila kuwa tana gudun kada wannan ya ɓata wa Amurka rai. Labarin da iyalinsa suka bayar shi ne, Tilley yana karatun Littafi da safe bisa ga al'adarsa, ya iso Zabura ta 72, aya ta 8, inda a ke maganar yalwar mulkin sarki mai adalci, sai ya ɗauko kalmar da ta ke nufin mulki daga nan ya kawo wa taron, suka karɓa. Ran 1 ga watan Yuli, 1867, larduna huɗu suka haɗu, Kanada ta kafu. Cikin shekaran nan ya auri Alice Chipman.

Sauran aikinsa za mu taƙaita. Ya zama ministan kwastan na Kanada daga 1867, ministan kuɗi a 1873. A ƙarshen shekaran nan gwamnati ta faɗi saboda kuɗin da shugabanninta suka karɓa daga masu neman kwangilar jirgin ƙasa. Ba a sami hannun Tilley a ciki ba, ko da ya ke waɗansu sun yi gunaguni da aka naɗa shi Gwamnan New Brunswick daidai lokacin da abokansa su ke sauka. Ya yi shekara biyar yana Gwamna, ya koma ministan kuɗi daga 1878 zuwa 1885. Shi ne ya kawo tsarin kuɗin fito na 1879 wanda aka yi domin a tsare masana'antun ƙasa. A 1879 Sarauniya Biktoriya ta ba shi lambar girma.

Shugaban da ya yi wa aiki dukan shekarun nan, John Macdonald, mutum ne mai basira, amma duk ƙasa ta san barasa ta kan kā da shi. Tilley ya zauna teburin shawara ɗaya da shi shekara da shekaru. Bai sha tare da shi ba, bai kuma tsaya a kasuwa yana tona masa asiri ba. Ya yi aikinsa da aminci, Macdonald kuwa ya dogara gare shi. Da ya shiga gidan Gwamna a Fredericton, mutane suka zuba ido su gani, gama ba a saba yin liyafar manya ba tare da ruwan inabi ba. Ya karɓi baƙi da fara'a, ya ciyar da su, amma barasa ba ta hau teburinsa ba. A gidansa yana da iko, ya yi amfani da shi. A gidajen mutane ya riga ya koyi iyakar ikonsa.

Rashin lafiya ya sa ya bar aikin kuɗi a 1885, aka mai da shi Gwamnan lardinsa karo na biyu, ya riƙe har 1893. A wannan lokaci matarsa Alice ta tsaya ta tara gudunmawa har aka gina asibiti a Fredericton. Ya rasu a Saint John ran 25 ga watan Yuni, 1896, yana da shekara 78, aka binne shi a makabartar birnin. Daga baya mutanen Saint John suka kafa siffarsa a dandalin tsakiyar gari. Ɗansa Leonard, wanda Alice ta haifa masa, ya zama shugaban gwamnatin New Brunswick daga 1933 zuwa 1935. Gidan katakon da aka haife shi a ciki a Gagetown an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi.